Okid a Jikin Itace: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa Idan Aka Ajiye Tukunya

A cikin dukan dangin furannin okid babu wanda ya cika kasuwannin duniya kamar Phalaenopsis. Ganyaye ne huɗu ko shida masu faɗi da kauri, sai dogon kara da ya lanƙwasa, furanni jere a kansa kamar faɗa-wuta sun buɗe fukafukai. Kusan duk wanda ya mallake shi a cikin tukunya ya same shi, shi ya sa da yawa suke ɗauka shuka ce ta ƙasa kamar sauran. Ba haka ba ne. A inda ya fito, daga gindin tsaunukan Himalaya zuwa kudancin Sin, Taiwan, Filifin, Indonesiya, har arewacin Ostireliya, a jikin bishiyoyi yake rayuwa, wasu nau'o'in kuma a jikin duwatsu. Kada a haɗa shi da kauci. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan bishiyar da ya hau, okid kuwa wurin zama kaɗai yake nema, ba ya cin komai na mai masaukinsa.

Daga nan ne hujjar masu ɗaure shi a jikin itace ta samo asali. Suna cewa tun da a reshe aka san shi, a cire shi daga tukunya a mayar da shi kan ɓawo, ya koma rayuwarsa ta asali. Maganar gaskiya ce, amma rabinta suka faɗa. Reshe yana da sauƙin kwaikwaya: guntun itace da zare, an gama. Dajin da ke kewaye da reshen shi ne ba ya kwaikwayuwa cikin sauƙi, kuma shi ne yake shayar da shukar.

Kafin a yanke hukunci dole a san saiwar wannan fure, don duk rigimar a kanta take. Saiwar Phalaenopsis mai kauri ce, an lulluɓe ta da wata farar fata da masana ke kira belamen. Fatar nan matattun ƙwayoyin halitta ne jere bisa jere, cikinsu holoƙo. Da ruwa ya taɓa ta, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ta cika. Bushewarta kuwa sai an ɗauki sa'o'i. A tsakanin cikar da bushewar ne rayayyen ɓangaren saiwar da ke ciki yake zuƙe ruwan tare da ɗan abincin da ya narke a cikinsa. Idan fatar ta bushe, iska ce ke cika ramukan, sai saiwar ta yi fari-fari mai ƙyalli. Idan ta jiƙe, sai a hango koren da ke ƙarƙashinta, domin saiwar tana da sinadarin nan da ganye ke haɗa abinci da shi daga haske. Wanda ya ƙura mata ido bayan ban-ruwa zai ga wasu fararen ɗigo-ɗigo da suka ƙi jiƙewa. Ba ciwo ba ne, hanyoyin numfashi ne da suke zama a buɗe ko da sauran fatar ta cika da ruwa.

Abin da wannan ke nunawa shi ne saiwar an yi ta ne don ta jiƙe sharkaf, ta bushe, ta sake jiƙewa. Ba ta son zama cikin ruwa, kuma ba ta jure doguwar ƙishirwa. Yawan ruwa a lokaci guda ba ya kashe ta. A daji ana iya wuni ana zabga ruwan sama a kanta. Rashin iska ne yake kashe ta.

Matsalar tukunya ke nan. Abin da ake cika tukunyar okid da shi, ko gutsattsarin ɓawon itace ko gansakukar sfagnum, yana da iska a tsakaninsa sa'ad da yake sabo. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya fara ruɓewa, ya dunƙule, ramukan iskar su toshe. Daga sama mai shi yana ganin busasshen abu, ya ƙara ruwa, alhali tsakiyar tukunyar jagwab take. Saiwoyin ciki su shaƙe, su yi laushi, su mutu. Ganyaye su fara yaushi saboda babu saiwar da za ta kai musu ruwa, mai shi ya ga yaushi ya ce ƙishirwa ce, ya sake ƙara ruwa. Ta wannan hanya mafi yawan okid na cikin gidaje suke tafiya. A jikin itace wannan ba ya faruwa. Babu abin da zai dunƙule, babu tsakiyar da ido ba ya gani. Saiwa tana fili, launinta yana gaya maka halin da take ciki a kowace safiya.

Akwai riba ta biyu, wadda a ganina ta kusa kai ta farko muhimmanci. Phalaenopsis wuri guda yake girma, a tsakiyar ganyayensa na sama, inda sabon ganye ke leƙowa. Wannan wurin shi ne zuciyar shukar, kuma ba ta da wata. A cikin tukunya ana tsayar da shi ƙyam, ganyayen suna kallon sama, sai zuciyar ta zama wurin taruwar ruwa. Idan ruwa ya kwana a ciki, musamman da sanyi, ƙwayoyin cuta sukan ruɓar da ita cikin 'yan kwanaki, ganyayen sama su zube da ɗan taɓawa. Wani lokaci shukar takan fitar da ɗan tsiro daga gindi ta tsira, wani lokaci kuma shi ke nan. A daji ba ya tsayawa ƙyam. A karkace yake manne wa reshe, ganyayen suna reto ƙasa, ruwa na sauka yana gangarewa. Wanda ya ɗaure shi a itace da kansa a ɗan sunkuye ya kawar da wannan haɗarin kusan gaba ɗaya, har ma zai iya watsa masa ruwa ta sama ba fargaba.

To me ya sa ake sayar da shi a tukunya? Tarihin kasuwancinsa ne ya kawo haka. Ƙwayar irin okid ƙura ce, ba ta da guzurin abinci, a daji sai wani fangas, wato halitta dangin naman kaza, ya ciyar da ita kafin ta tsira. A shekarar 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa za a iya tsirar da ita a cikin kwalba da sukari da sinadarai, ba tare da fangas ɗin ba. Daga baya aka ƙware wajen ninka shuka ɗaya zuwa dubbai a ɗakin gwaji. Furen da a da sai masu hannu da shuni ya zama kayan da ake nomawa da miliyoyi a manyan ɗakunan gilashi na Taiwan da Holan. Irin wannan noma yana buƙatar shukar da za ta tsaya a tsaye a jera ta a kan tebur, a shayar da dubbai lokaci guda, a zuba ta a kwali ta ƙetare teku ba ta bushe ba. Tukunya da gansakuka su ne suka biya wannan buƙata. A shekarar 2004 ma Amurka ta amince a shigo mata da Phalaenopsis daga Taiwan yana cikin gansakukarsa, maimakon a kakkaɓe saiwoyin tsirara kamar da. Tukunyar roba mai nuna abin da ke ciki, wadda aka saba gani yanzu, sulhu ce tsakanin buƙatar ɗan kasuwa da ta shuka: saiwa ta sami ɗan haske, mai shi kuma ya ga launinta.

Amma kuskure ne a ce tukunya don ɗan kasuwa kaɗai take. Tukunya randa ce. Tana ajiye wa shukar ruwan mako guda a wurin da iska ba za ta shayar da ita ba. A dazuzzukan da yawancin nau'o'in nan suka fito, danshin iska yakan wuce kashi 80 cikin 100, ruwan sama ba ya nisa, da dare kuma raɓa na sauka. Saiwar da ke fili a can ba ta taɓa bushewa ƙayau na dogon lokaci. A ɗakin da ake kunna na'urar sanyaya iska, ko ta ɗumamawa, danshi yakan sauka zuwa kashi 30 ko ƙasa da haka. Saiwar da aka jiƙa da safe a irin wannan ɗaki kafin hantsi ta koma fara, ba ta sami lokacin da za ta sha ta ƙoshi ba.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne Phalaenopsis ba shi da ma'ajiya. Wasu okid, irin su Cattleya da Oncidium, suna da kumburarren kara a gindin ganye inda suke tara ruwa, su jure makonni. Shi kuwa ganyayensa masu kauri da saiwoyinsa su ne dukan abin da ya tara. Yana da dabarar tattali, gaskiya ne. Ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensa da dare suke buɗewa, su ɗauki iskar kabon su ajiye ta a matsayin asid, da rana su rufe a yi aiki da abin da aka tara. Haka yake rage asarar ruwa a lokacin zafi. Sai dai dabarar ta dogara ga dare mai danshi. Idan daren ma busasshe ne, a daidai lokacin da ganyen ya buɗe ƙofofinsa yake zubar da ruwansa. Mutane da yawa suna auna danshin wurinsu da rana su ce ba laifi, ba su san cewa awon dare ne ya fi shafar shukar ba.

Saboda haka wanda ya cire okid daga tukunya a busasshen wuri bai raba shi da haɗari ba, ya sauya masa haɗari ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ruɓewa tana zuwa da sauri kowa ya gani. Ƙishirwa kuwa sannu take ci. Sabon ganye ya fito bai kai na baya girma ba, na bayansa ya fi shi ƙanƙanta, tsofaffin su yi tamoji, kan saiwa ya daina kore ya rufe. Shukar tana iya shekara biyu tana ramewa a hankali, mai ita yana cewa ai tana nan da rai.

Ma'aunin da nake ganin ya dace mai sauƙi ne. Inda danshin iska yake tsayawa a kashi 60 zuwa sama yawancin lokaci, kuma akwai wanda zai jiƙa shukar kowace safiya, itace ya fi tukunya. Inda yake ƙasa da kashi 50, ɗaurawa a itace na nufin ban-ruwa sau biyu a rana, ko sayen na'urar ƙara danshi, ko gina akwatin gilashi mai fanka. Wanda ke yawan tafiye-tafiye ya manta da zancen, sai in yana da famfon feshi mai agogo.

Ba kowane Phalaenopsis ne ya dace da itace ba, ko da wurin ya yi. Manyan haɗaɗɗun irin da ake sayarwa, wato waɗanda aka samu ta barbarar nau'o'i daban-daban, masu furanni kamar faɗin tafin hannu, an zaɓo iyayensu da kakanninsu ne a cikin tukunya, an saba musu da ruwa da taki a kai a kai. Suna rayuwa a itace, amma sau da yawa furanninsu sukan ragu, kuma nauyin ganyen kan sa su yi wuyar kafewa. Wasunsu ma suna da jinin Phalaenopsis pulcherrima, wanda a da ake kira Doritis, shi kuma a kan duwatsu da ƙasa mai yashi yake tsayawa ƙyam, ba ɗan reshe ba ne sosai. Nau'o'in asali su ne itace ya fi karɓa. Phalaenopsis schilleriana na Filifin, mai ganye da zanen azurfa, saiwoyinsa shimfiɗaɗɗu ne, a tukunya kullum neman hanyar fita suke. Ɗan'uwansa stuartiana na tsibirin Mindanao yakan fitar da 'ya'yan tsiro daga jikin saiwa idan ta manne a ɓawo, abin da ba a cika gani a tukunya ba. Phalaenopsis gigantea na Borniyo ganyayensa manya ne masu reto, tsayar da su sama wahalar da su ne kawai. Sai ƙanana irin parishii da lobbii, waɗanda tukunya kan riƙe musu ruwa fiye da kima. Akwai ma masu zubar da ganye a lokacin rani, kamar lowii na Myanmar da Tailan, su rage saiwa zalla tana haɗa abinci har damina ta dawo. Irin waɗannan binne saiwarsu cikin duhu tauye su ne.

Zaɓen itace ba ya buƙatar dogon bayani. Ana son wanda ba ya saurin ruɓewa, mai kaushin jiki, marar danƙo da guba. Wanda masu okid suka fi yarda da shi shi ne ɓawon Quercus suber, bishiyar nan ta yankin Bahar Rum wadda da ɓawonta ake yin abin toshe bakin kwalba. Fotugal ce ke samar da kusan rabin na duniya, ana ɓare bishiyar duk shekara 9 ba tare da an sare ta ba. Ba shi da nauyi, yana daɗewa ƙwarai, yana da tsagogin da saiwa ke bi. Aibinsa ɗaya: ba ya shan ruwa, don haka ya fi kowane saurin bushewa. Katako mai tauri wanda ba a taɓa shafa wa komai ba shi ma yana yi. A guji katakon gini da aka yi wa maganin gara, da mai fenti, da ɗanyen itace mai zubar da danƙo, da wanda aka tsinto a bakin teku, don gishiri ya ratsa shi. Reshen da ɓawonsa ke saɓulewa ma yaudara ne: saiwa ta manne wa ɓawon, ɓawon ya rabu da itacen, aikin shekara ya zube.

Ɗaurin kansa shi ne inda ake yawan faɗuwa, kuma dalilin yana komawa ga saiwa. Tsohuwar saiwar da ta girma a tukunya ba za ta manne wa itace ba, ko an danna ta shekara. Sabuwa ce kaɗai ke mannewa, kuma ta koren kanta take yi. Idan kan ya taɓa ɓawo, gefen da ya taɓa sai ya baje, ya fitar da ƙananan gasu su kama. Kan nan kuwa ɗanye ne ƙwarai. Idan shukar tana motsi ko kaɗan, duk kaɗawar iska sai ta goga shi a jikin itacen, ya ƙuje, ya daina girma. Shi ya sa dole a ɗaure gindin tamau, har in an girgiza itacen shukar ba ta motsa ita kaɗai. Zaren fatsa yana yi, in an kula kada ya yanke saiwa. Tsumman roba mai miƙewa ya fi shi tausayi. Wayar jan ƙarfe ba ta dace ba. Lokacin ɗauri kuma shi ne bayan furanni sun zube, sa'ad da sababbin kawunan saiwa suka fara leƙowa daga gindi. Wanda ya ɗaure shuka tana tsakiyar fure ya ɗora mata nauyi biyu.

Sai batun gansakuka, wanda masu wannan sana'a suke saɓani a kai. Wasu suna ɗora shukar a kan itace tsirara. Wasu suna shimfiɗa sfagnum kaɗan don ya riƙe danshi na 'yan sa'o'i. Ni ina tare da na biyun ga duk wanda ba a wuri mai yawan danshi yake ba, amma da sharaɗi: ya zama siriri, a kan saiwoyi ko kewayensu, kada ya rufe gindin ganye. Wanda ya dunƙula gansakuka mai kaurin yatsu uku ya ɗaure, tukunya ya sake ginawa, sai dai wannan a rataye take. Kuma idan danshin gansakukar ya yi yawa, saiwoyin sukan lafe a cikinta su ƙi fita neman itacen.

Watannin farko ba su da daɗin kallo. Saiwoyin tukunya sun saba da danshi mai ɗorewa, wasunsu za su motse su mutu. Ganyen ƙasa ɗaya ko biyu na iya yin rawaya ya faɗi, kuma ba abin mamaki ba ne shukar ta tsallake furen shekarar. A wannan lokaci ana ƙara mata inuwa da danshi. Ba a kwance ɗaurin sai sababbin saiwoyi da dama sun kama sosai, wanda kan ɗauki watanni, wani lokaci shekara.

Ban-ruwa a itace ba feshi ba ne. Ɗan yayyafi da kwalbar feshi yana jiƙa saman fatar saiwa ne kawai, ya bushe kafin ya shiga. Ana kwarara ruwa ne har kowace saiwa ta koma kore, a dakata mintuna kaɗan, a sake. Ko a tsoma itacen cikin bokiti na minti 10 zuwa 15, amma kada a tsoma shuke-shuke da yawa a ruwa ɗaya, don cuta na bin ruwa. Da safe ake yi, ganye ya bushe kafin dare. Ruwan kada ya yi sanyi ƙarara, yana lalata naman ganye. Ingancinsa kuma ya fi muhimmanci a nan fiye da a tukunya, domin duk abin da ke narke cikin ruwa a jikin saiwar yake saura idan ruwan ya ƙafe. Ruwa mai yawan gishiri ko farar ƙasa yakan bar farin ɓurɓushi, kawunan saiwa su yi baƙi. Ruwan sama ya fi. Taki ma haka: tunda babu abin da ke riƙe shi, ana ba da shi a tsinke, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, amma a kai a kai, ana wankewa da ruwa zalla a tsakani. Saiwa a fili kuma abinci ce ga kyankyaso da katantanwa, waɗanda koren kan nan suke fara ci da dare.

Wani abu da ake jingina wa itace alhali ba nasa ba ne shi ne fure. Ana cewa okid ɗin da aka ɗaure ya fi yin fure, wasu kuma su ce ya daina tun da aka ɗaure shi. In dai shukar tana da ƙarfi, abin da ke tayar da karan fure zafi da sanyi ne. Binciken da Matthew Blanchard da Erik Runkle suka wallafa a 2006 daga Jami'ar Jihar Michigan ya nuna cewa zafin rana ne ke riƙe da linzamin, ba na dare ba: a zafin rana na digiri 29 a ma'aunin Celsius shuke-shuken da suka gwada ba su fitar da kara ba ko da dare ya yi sanyi, a ƙasa da haka suka fitar. Manoman kasuwa da wannan suke aiki, su rena shuka a wuri mai ɗumi ta yi ganye, sannan su kai ta wuri mai sanyi-sanyi na wasu makonni idan suna son fure. Wannan ya fi shafar manyan haɗaɗɗun iri. Nau'o'in da ke fure da zafi, irin su bellina da violacea, lissafinsu daban ne. Abin da itace ke sauyawa shi ne tsayuwar karan. Ba a tallafe shi da sanda, sai ya zubo ƙasa yadda yake yi a reshe.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani tun kafin a fara: shawarar ba ta da sauƙin janyewa. Saiwar da ta manne ba ta ɓamɓaruwa sai da rauni. Idan shukar ta fi ƙarfin itacenta, ba a cire ta, sai a ɗaure tsohon itacen a jikin wani babba. Idan kuma mai ita ya gaji da ban-ruwan kullum, abin da ya fi shi ne ya sa itacen dukansa cikin kwando ya kewaye shi da manyan gutsattsarin ɓawo, don saiwar da ta saba da fili takan ruɓe in aka binne ta farat ɗaya. Kwandon katako mai tsaga-tsaga, wanda ake ratayewa a karkace, dama shi ne matsakaicin da ya fi dacewa da mafi yawan masu babban haɗaɗɗen iri a cikin ɗaki: zuciyar shukar tana zubar da ruwa, iska tana ratsa saiwa ta kowane gefe, ɓawon da ke ciki kuma yana riƙe danshin kwana biyu ko uku.